Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban IPMAN: Litar Mai a Tambuwal da Kebbe

Zuwa ga Alhaji Abubakar Maigandi Shettima,
Shugaban Ƙungiyar Dillalan Man Fetur Masu Zaman Kansu ta Nijeriya, IPMAN.



Wasiƙar nan ta taso ne daga kudancin Jihar Sakkwato, daga ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe. A can, manomin rani da ɗan kabu-kabu da mai injin niƙa sun san sunan IPMAN, amma a rediyo suka san shi, kuma yawanci ranar da aka ce ƙungiyar ta yi barazanar rufe gidajen mai. Abin da suke so ya isa kunnen Shugaba shi ne, akwai wani aiki da ke jiran ƙungiyar a garuruwansu, wanda hukumar da take yin irinsa a da ta riga ta tafi, kuma babu wanda ya fi dillalan kansu iya ɗaukarsa.

Shugaba ya san hanyar nan sarai. Tankar da ta ɗauko mai daga Legas ta biyo ta Jebba da Kwantagora da Yawuri, sai ta ratsa Koko da Jega da Aliero, ta shigo Tambuwal, ta wuce Dogon Daji da Shagari da Boɗinga, kafin ta ga birnin Shehu. Ke nan mai yana riga zuwa Tambuwal, da ratar kusan kilomita 100 tsakaninta da Sakkwato. Duk da haka, da zarar mutum ya sauka daga babban titi ya nufi Kebbe ko Kuchi ko Ungushi, sai ya tarar da kuɗin lita yana hawa gwargwadon nisansa da kwalta. Man da ya wuce ta ƙofar gidan mutum, shi ne yake dawo masa da tsada a cikin jarka.

Ba don haka aka kafa IPMAN ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970, sayar da mai a Nijeriya yana hannun manyan kamfanoni irin su Mobil da Total da Agip da Texaco, kuma su birane suka sani. A 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka buɗe wa ’yan ƙasa ƙofar shiga harkar, da niyyar su kai mai lungunan da manyan kamfanoni ba sa zuwa. Daga nan aka samu alhajin da ya tara ribar fatauci ko ta noma ya gina gidan mai mai famfo biyu a bakin garinsu. Irin waɗannan mutane su ne ƙashin bayan ƙungiyar, kuma su ne suka sa a yau ta fi kowace ƙungiyar dillalai yawan gidajen mai a ƙasar nan. Manyan kamfanoni suna da tasu ƙungiyar, masu defo-defo suna da DAPPMAN, masu motocin dako suna da NARTO, direbobin tanka suna ƙarƙashin NUPENG. Amma wanda yake fuska da fuska da talakan ƙauye, ɗan IPMAN ne.

A wancan zamani abubuwa biyu ne suka tsare wa mutumin nesa mutuncinsa. Na farko Asusun Daidaita Farashin Mai, PEF, da aka kafa a 1975, wanda yake mayar wa dillali kuɗin dako domin a sayar da lita a kusan farashi ɗaya daga Legas har Illela. Na biyu kuwa bututu. Gwamnati ta shimfiɗa bututan mai na fiye da kilomita 5,000 tare da defo-defo a sassan ƙasa, aka buɗe matatar Kaduna a 1980, reshe ɗaya na bututun ya bi ta Zariya ya dire a defon Gusau. Daga Gusau dillalan Sakkwato da Kebbi da Zamfara suke lodi. Direba kan tashi da safe ya yi lodi, ya kwana a gidansa.

Duka biyun sun kau. Matatar Kaduna ta yi shekaru ba ta tace mai, bututun ya sha fashi da lalacewa, har ya zama tanka ce take yin aikinsa, tana cin fiye da kilomita 1,000 daga bakin teku. Dokar man fetur ta 2021 ta narkar da PEF cikin sabuwar hukumar NMDPRA. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Kwana biyu bayan haka NNPC ta fitar da sabon farashi, Legas naira 488, Maiduguri 557. Wannan jadawali ya faɗa wa Arewa gaskiyar da ba a faɗa da baki ba: daga yau kowa zai biya kuɗin nisansa. Zuwa Oktoban 2024 lita ta kai naira 998 a gidajen NNPC na Legas, 1,030 a Abuja, ballantana a garin da ba shi da gidan NNPC ko ɗaya.

Lissafin da ya fi ƙona ƙaramin dillali shi ne na jari. Tanka mai cin lita 33,000, a lokacin da lita take naira 185, kuɗinta bai wuce miliyan shida da ’yan kai ba. A naira 900, tankar nan ɗaya ta doshi miliyan talatin. Mai gidan mai a birni yana juya kuɗinsa cikin ’yan kwanaki, banki kuma yana sauraronsa. Na ƙauye kuwa sai ya yi makonni bai sayar da rabi ba, idan farashi ya faɗi a Legas kafin ya ƙarar, asarar tasa ce shi kaɗai. Da yawa sun haƙura. Wanda ya bi hanyoyin karkara zai ga shaida: rumfa ta yi tsatsa, famfo an lulluɓe shi da buhu, awaki suna hutawa a inuwar.

Inda gidan mai ya mutu, ’yan bumburutu ne suke gadonsa. Yaro zai hau babur da jarkoki huɗu ya je bakin titi ya ciko, ya dawo ya zuba a galan da kwalabe, ya ɗora ribarsa da kuɗin man da ya ƙona a hanya. Ba laifinsa ba ne, gurbi ya gani ya cike. Sai dai a wurinsa babu mita, babu tabbacin ba a gauraya ba, kuma man yana kwana a ɗaki ɗaya da yara da fitila.

Wanda ya fi jin jiki shi ne manomin rani. Gulbin Zamfara, da ya taso ta Gummi ya nufi Jega, ya bar wa ƙasar Kebbe fadamu masu albarka, haka ma fadamun ɓangaren Tambuwal. Shinkafa da albasa da tattasai da alkama da ake nomawa a nan, ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur ne yake raya su. Shinkafar rani ba ta san an yi ƙarancin mai ba. Idan ta fara ɗaukar ciki ta rasa ruwa na ’yan kwanaki a zafin Maris, aikin wata uku ya tafi. Saboda haka manomi ba ya iya cewa bari ya jira farashi ya sauka. Ko nawa aka ce zai saya, ko da zai sayar da tunkiya, ko ya karɓi bashi a hannun wanda zai karɓi buhu a farashin wulaƙanci ranar girbi. Wasu sun rage faɗin gona. Wasu sun bar ranin gaba ɗaya sun tafi ci-rani kudu. Tsadar albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, wani ɓangarenta a nan ake haifarsa.

Adalci ne a faɗi abin da ƙungiyar ta yi. Ta tsaya tsayin daka kan bashin kuɗin dako da mambobinta suke bin gwamnati. A Fabrairun 2025 shugabannin rassanta na defo-defon Arewa, har da na Gusau, sun ba NMDPRA wa’adin mako guda kan kimanin naira biliyan 100, kuma haƙƙinsu ne su nema, tunda kuɗin da aka riƙe shi ne jarin da ya kamata ya sayo mai. A Nuwamban 2024 kuma, ƙarƙashin jagorancin Shugaba, ƙungiyar ta cimma yarjejeniya da matatar Ɗangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, domin mambobi su riƙa ɗauka kai tsaye ba sai ta hannun wani ba. Wannan babban aiki ne, kuma ya rage masu cin riba a tsakani.

Sai dai duk wannan fuska ɗaya ce ta aikin ƙungiyar sana’a, wato kare ɗanta a gaban hukuma. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin ɗaya fuskar. Sarkin Pawa shi ne yake kai kukan mahauta gaban sarki, amma shi ne kuma yake duba dabba kafin a yanka, ya hana a sayar wa mutane mushe, ya hukunta ɗan sana’ar da ya ci amana. Da wannan aiki na biyu ne jama’a suke yarda da na farkon. Mutanen Tambuwal da Kebbe fuska ta biyu suke roƙo, kuma roƙon nasu guda biyar ne.

Na farko, sayayyar haɗin gwiwa. Tankar mai tana da ɗakuna, ba dole ne mutum ɗaya ya saye ta duka ba. Idan reshen ƙungiyar na Sakkwato ya haɗa ƙananan dillalai uku ko huɗu, ɗaya a Dogon Daji, ɗaya a Tambuwal, ɗaya a Kebbe, suka yi karo-karo, ƙungiya ta tsaya musu a wurin mai sayarwa, kowa zai sauke gwargwadon ƙarfinsa ya juya kuɗinsa da wuri. Gidan man da aka rufe don rashin miliyan talatin yana iya buɗewa da miliyan takwas ko goma. Wannan ba ya buƙatar doka daga Abuja, rajista da amana kawai yake buƙata, kuma ƙungiya don irin wannan ake kafa ta. A nan ne ma maganar Ɗangote ta shigo. Da matatar ta fara rabon mai kai tsaye a Satumban 2025, da motoci masu amfani da iskar gas da ta ce za su kai 4,000, jihohin farko na Kudu ne da Kwara da Abuja. Idan Shugaba ya zauna da su kan faɗaɗa rabon, ya kamata a fayyace cewa “Sakkwato” ba tana nufin cikin birni kaɗai ba. A sa Tambuwal cikin wuraren sauke kaya, tunda a kan hanya take, daga nan ƙananan motoci su shiga Kebbe da Sanyinna da Romon Sarki. Haka kuma kada a bar maganar defon Gusau ta mutu. Ko bututu bai dawo da wuri ba, tankunan ajiya suna nan, kuma ajiyar mai kusa da gida ita ce take hana yajin aikin kwana uku a Legas ya zama ƙarancin mako biyu a Kebbe.

Na biyu, awo. Ƙorafin da aka fi ji a bakin masu babur shi ne, an biya kuɗin lita biyar, tanki ya nuna huɗu da ɗan abu. Ba kowane gida ne yake yi ba, amma ɗaya ya isa ya ɓata sunan goma. Jami’an NMDPRA da na sashen awo da ma’auni na gwamnatin tarayya suna da gwangwanin gwaji, sai dai jami’an ba su da yawa, kuma zuwansu ƙauye sai an dace. Ƙungiya tana iya wajabta wa kowane mamba ya ajiye irin wannan gwangwani a bainar jama’a, duk mai shakka ya ce a gwada a gabansa. Wanda aka kama sau biyu, a cire shi daga jerin masu lodi da sunan ƙungiya, a kuma sanar. Idan famfo yana cin rabin lita a cikin goma, manomin da ya sayi lita ɗari a rani an zare masa biyar ba tare da ya sani ba. Mutanen yankin nan tun suna makarantar allo suka san hukuncin mai tauye mudu, kuma ba su ga bambancin mudu da mita ba.

Na uku, jarkar manomi. A Satumban 2021 gwamnatin Sakkwato, kamar ta Zamfara da ta Katsina, ta hana sayar da fetur a jarka domin toshe wa ’yan bindiga hanyar samun man babura. Dalilin a fili yake, kuma Kebbe, mai iyaka da dazukan Zamfara, ta san zafin ɓarayin daji fiye da yadda za a ba ta labari. Matsalar ita ce injin ban-ruwa ba ya tafiya gidan mai da ƙafarsa. Duk lokacin da aka tsaurara irin wannan doka, mai gidan mai yakan ji tsoron zuba wa kowa, manomi na gaskiya ya koma hannun ɗan bumburutu, shi kuwa mai kai wa daji ya nemi wata hanyar. IPMAN tana iya shiga tsakani: ta zauna da hakimai da dagatai da ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN da jami’an tsaro, a yi wa manoman rani rajista, kowa da katinsa da adadin da gonarsa take ci a mako, a keɓe gidajen da za su riƙa ba su. Dillali ya samu kariya, jami’in tsaro ya samu littafin da zai duba, manomi ya daina ɓoye jarkarsa kamar ɓarawo.

Na huɗu, rai. Ranar 15 ga Oktoban 2024 tanka ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, mutane suka fito kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da 150 suka rasu. Ranar 18 ga Janairun 2025 aka maimaita a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka rasa fiye da 80. Bayan haka ne hukuma ta hana lodin tankoki masu cin lita 60,000 daga Maris ɗin 2025. Titin da ya ratsa Tambuwal da Dogon Daji ta gefen kasuwanni da tashoshi yake bi, tankoki suna wucewa dare da rana, motar kashe gobara kuwa kafin ta iso an gama. Wani ɓangare na man da ke cikin tankokin nan na mambobin ƙungiya ne. Ba zai gagare ta ba ta sayi ’yan mintoci a Rima Rediyo, ta roƙi limaman Juma’a su yi huɗuba, ta horar da ’yan sa-kai da ’yan ƙungiyar direbobi a kowane gari na bakin titi yadda za su killace wuri su kori jama’a idan tanka ta kife. Talauci ne yake tura mutum da bokiti zuwa ga man da ya zube, amma sau da yawa murya ɗaya ta wanda ake jin maganarsa ta isa ta mayar da taro baya.

Na biyar, abin da ke tafe. Tun bayan cire tallafi, manoma da yawa a Arewa sun kai injinansu wurin makanikai an sauya musu kafireto, sun koma aiki da tukunyar gas ta girki saboda ta fi sauƙi. Masu hali sun fara sayen injin sola. Gwamnatin tarayya tana ta kiran a koma gas na CNG, amma bututun AKK mai tsawon kilomita 614, da aka fara a 2020, daga Ajaokuta ya bi Abuja da Kaduna ya tsaya a Kano, Sakkwato ba ta kan layinsa. Saboda haka gas ɗin da zai amfani Kebbe nan kusa shi ne na tukunya, kuma a yanzu cika tukunyar ma sai an yi tafiya, ko a hannun masu juye daga tukunya zuwa tukunya a shago, abin da ya sha jawo gobara. Gidan man ƙauye yana da fili, yana da lasisi, yana da ma’aikatan da suka saba da kaya mai kama wuta. Idan ƙungiya ta nema wa mambobinta rance mai sauƙi da sassaucin izini su kafa ƙananan tashoshin cika gas, su kuma riƙa sayar da kayan sola na ban-ruwa, dillalin zai tsira da kasuwarsa ranar da manomi ya rage shan fetur. Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun farkon shekarun 1980, wadda ta daɗe tana aiki kan hasken rana. Masana suna nan kusa, kiran su kawai za a yi.

Wani zai ce IPMAN ƙungiyar ’yan kasuwa ce, ba gidan sadaka ba. Gaskiya ne, kuma babu ɗaya daga cikin buƙatun nan da yake neman dillali ya yi asara. Gidan man da ya sake buɗewa ciniki ne. Famfon da aka yarda da shi yana jawo layi. Manomi mai kati abokin ciniki ne na wata huɗu a jere. Akwai kuma wata riba da ba ta shiga littafi: yanzu da manyan matatu da manyan kamfanoni suke neman kai mai har bakin famfo da kansu, ƙaramin dillali zai buƙaci jama’a su tsaya masa. Ranar da ƙungiya za ta sake ba gwamnati wa’adi, zai yi mata amfani a ce mutumin Kuchi ya ji labarin ya ce suna da gaskiya, maimakon ya ce ga su nan za su sake ɓoye mai.

Noman rani yakan kankama da zarar an kwashe amfanin damina, daga Nuwamba zuwa Disamba. Roƙon da ake yi wa Shugaba shi ne ya umurci reshen Sakkwato da shugabannin defon Gusau su kira zama a garin Tambuwal kafin lokacin, a gayyato masu gidajen mai na ƙananan hukumomin biyu, na buɗe da na rufe, da sarakunan yankin, da shugabannin manoma da na ’yan kabu-kabu, da wakilin NMDPRA, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kebbe da Tambuwal. A ƙirga gidajen da suka mutu, a ji dalilin kowanne daga bakin mai shi, a fitar da rukunin farko na masu sayayyar haɗin gwiwa, a sa ranar da gwangwanin awo zai hau kan kowane famfo. Idan tsarin ya yi aiki a nan, Gummi da Yabo da Maiyama za su zo su ɗauka.

Allah ya yi wa Shugaba jagora, ya ba shi ikon sauke nauyin da ke kansa.

Wassalam.

Daga wani ɗan yankin Kebbe da Tambuwal, Jihar Sakkwato.